Yadda za ka zaɓi kamshaf ɗin ƙara ƙarfi ga tsohuwar motar gudu mai turbo

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu tsofaffin motocin gudu a nan Sakkwato, musamman masu Nissan 300ZX da 200SX da Toyota Supra: wane kamshaf zan sa, 264 ko 272? Kamshaf shi ne sandar ƙarfe mai tozaye da ke buɗe bawul-bawul na inji, lambar kuma tana nuna daɗewar bawul a buɗe. Kusan kowa da lamba a bakinsa yake zuwa, ya tsince ta a bidiyon wani da ke zaune a ƙasar sanyi, yana shan fetur ɗin da ba irin namu ba. Lambar nan ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka yanke, kuma ga yawancin motocin da ke yawo a garin nan, ƙaramin cikin biyun da kake shawara a kansu, ko ma wanda bai kai shi ba, shi ne naka. Ga matakan da ake bi, ɗaya bayan ɗaya.

1. Tabbatar da injin da ke cikin motar

Kada ka dogara da sunan da ke bayan but. Mota mai shekara 30 zuwa 40 ta bi hannaye da yawa, wata ma an sauya mata inji tun a Kwatano. Ka sa a wanke jikin injin, ka karanta lambar da aka buga a kansa da idonka. 300ZX ta farko, Z31 ta shekarun 1980, tana da VG30ET mai kamshaf biyu, ɗaya a kowane ɓari. Wadda ta biyo ta daga 1989, Z32 mai turbo biyu, VG30DETT gare ta, kamshaf huɗu ke nan za ka saya. Supra A70 tana zuwa da 7M-GTE ko 1JZ-GTE, A80 kuma 2JZ-GTE. 200SX ko dai CA18DET ko SR20DET. Porsche 944 Turbo kamshaf ɗaya tal gare ta.

Bayan lambar, abu biyu za ka rubuta. Na farko, me ke tsakanin tozon kamshaf da kan bawul? A 7M da 2JZ ƙoƙo ne mai shim, wato ɗan faifan ƙarfe, a samansa, ana saita tazararsa da hannu. A VG30DETT da 944 tafet ne mai aiki da matsin baƙin mai, yana saita kansa. A SR20DET da 4G63 na Mitsubishi roka ce ke danna bawul. An sassaƙa kowane kamshaf don irin tafet ɗinsa, ba a haɗa na wannan da wancan. Na biyu, ko injin yana da na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul: VVT-i a 2JZ-GTE daga 1997, VTC a yawancin Z32 da SR20DET na 200SX samfurin S14. Kamshaf ɗin shiga na mai wannan na'ura daban yake da na marar ita, ko da sunan injin ɗaya ne.

Hattara: mai Mazda RX-7 ya tsaya nan. Injinta na rotari ne, ba shi da kamshaf ko bawul. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shi, kuɗinka yake so.

2. Gwada lafiyar injin kafin ka ɓatar da ko sisi

A ɗumama injin, a cire filogi duka, a danne totur har ƙasa, a auna matsin kowace silinda. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In akwai na'urar gwajin yoyon iska, a yi shi ma: ƙasa da kashi 10 lafiya lau, in ya haura 20 akwai ringi ko bawul da ya gaji. A duba matsin baƙin mai da geji na gaske, a kuma leƙa lagireto ko yana kumfa.

Masu 7M-GTE su ƙara lura. An san injin nan da ƙona gasket, saboda ƙarfin ɗaurin kusoshin kan inji da aka ba shi daga kamfani ya yi kaɗan. In ba a taɓa gyara wannan ba, da shi za a fara. Injin da ke shan baƙin mai ko yake zafi a watan Afrilu, sabon kamshaf ba zai warkar da shi ba, gaggauta bugawarsa zai yi.

3. Ina kake tuƙa motar, kuma yaya?

Ka kalli allon juyin inji na mako guda. In zirga-zirgarka daga Arkilla zuwa Gawon Nama ce, sai Mabera, sai jefi-jefi ka miƙe hanyar Birnin Kebbi ko Gusau, za ka ga allurar ba ta cika wuce juyi 3,500 ba. Babban kamshaf ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga iska, ɗebo shi yake yi daga ƙasa ya kai sama. Abin da zai ba ka a juyi 6,500 daga aljihun juyi 2,500 ya ciro shi. Tsofaffin injunan turbo kuma dama raggwaye ne kafin turbo ya farka, domin an rage musu matsin silinda da gangan: 8.5 a 2JZ-GTE da RB26DETT na Nissan Skyline GT-R, 8.4 a 7M-GTE, 8.0 a 944 Turbo. Kamshaf mai jinkirin rufe bawul ɗin shiga yana ƙara zubar da ɗan abin da ya rage.

Sai maganar AC, wadda masu bidiyon waje ba sa yi. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a bazara ba a tuƙi a cikinsa ba AC. Kamshaf mai girma yana sa silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya yi rawa, da kwamfiresa ta kama a mahaɗar hanya sai injin ya mutu. Yana kuma rage zuƙar iskar da na'urar ƙara ƙarfin burki ke aiki da ita, sai ka ji feda ta yi tauri a cikin cunkoso. In motarka otomatik ce mai kwambata ta asali, ka tsaya a mafi ƙanƙantar mataki.

4. Turbo ne ke zaɓar kamshaf

Nan ne yawancin kuɗi ke salwanta, don haka a bi a hankali.

Akwai ɗan lokaci a ƙarshen fitar hayaƙi da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. Shi ake kira obalaf. Kamar zaure ne da aka buɗe ƙofarsa ta waje da ta ciki lokaci guda: iska za ta bi ne daga ɓangaren da ya fi ƙarfi. A injin da ba turbo, hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska, shi ya sa obalaf mai yawa ke masa amfani a sama. A injin turbo kuwa, akwai fanka tsaye a bakin hanyar hayaƙi tana tare shi. Ƙaramin turbo na kamfani, irin T3 na Z31 ko CT26 na Supra ko T25 na 200SX, idan juyi ya yi sama, matsin hayaƙin da ke bayansa yana iya ninka matsin iskar da yake turawa. A wannan hali, duk digirin obalaf da ka ƙara hanya ce ka buɗe wa hayaƙi mai zafi ya koma cikin silinda. Sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru, injin ya fara ƙyasƙyas, wato fetur na fashewa kafin lokacinsa. A yanayinmu da fetur ɗinmu, wannan ƙyasƙyas ɗin ne ke fasa fistin.

Turbo babba mai faffaɗan gidan hayaƙi yana kawo matsin biyu kusa da juna, a nan ne babban kamshaf ke biyan kuɗinsa. Saboda haka tsarin aiki shi ne: salansa mai faɗi tun daga bakin turbo, intakula mai kyau don sanyaya iskar turbo, famfon mai da nozul masu isa, turbo ɗin da za ka zauna da shi, sannan kamshaf. In kana da niyyar sauya turbo baɗi, ka jinkirta kamshaf zuwa baɗi.

Hattara: kada ka ɗauko kamshaf ɗin tsere na injin da ba turbo don ka ga ya shiga ramin. Shiga daban, dacewa daban.

5. Koyi karanta takardar kamshaf

Lambobi uku ne.

Daɗewa: digiri nawa karanshaf ke juyawa bawul yana buɗe. Ita ce 256 da 264 da 272 da kake ji. Lissafinta mai sauƙi ne. In bawul ɗin shiga ya buɗe digiri 20 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ya rufe digiri 64 bayan ya sauka ƙasa, sai ka haɗa 20 da 180 da 64, ka sami 264. In na fita ya rufe digiri 16 bayan ƙololuwa, obalaf ɗinka 20 da 16, wato 36. Amma lambar talla ba abin gwadawa ba ce tsakanin kamfanoni biyu, domin kowa da inda yake fara ƙirgensa. 272 na wani yana iya zama daidai da 264 na wani. Ka nemi daɗewar da aka auna bayan bawul ya ɗaga inci 0.050, yadda Amurkawa ke yi, ko milimita 1, yadda ake yi a Japan da Turai. Ka kuma lura inci 0.050 milimita 1.27 ne, ba ma'auni ɗaya ba ne da milimita 1.

Ɗagawa: zurfin buɗewar bawul, da milimita. Ga injin turbo na cikin gari, ƙarin ɗagawa tare da matsakaiciyar daɗewa ya fi ƙarin daɗewa alheri, domin yana ƙara iska ba tare da ya lalata silo ba. Iyakarsa sifirin ɗin bawul da sararin da ke cikin kan inji. A injin mai roka, ka tambaya ko lambar ta tozo ce ko ta bakin bawul.

Tazarar tozaye, wadda ake rubutawa LSA: kusurwar da ke tsakanin tsakiyar tozon shiga da na fita. Faɗinta na rage obalaf. Ga turbo na titi, 112 zuwa 116 ake nema. A injin mai kamshaf ɗaya a kowane kai, kamar VG30ET da 944, an sassaƙa ta ke nan, ba ta sauyuwa, don haka ka zaɓa da kyau tun farko. A mai tagwayen kamshaf ana iya buɗa ta ko matse ta da giyar kamshaf mai saiti.

6. Yanzu ka yanke

Turbo na kamfani ko wanda ya ɗan ɗara shi, mota ta yau da kullum, AC na aiki: ka tsaya tsakanin 248 da 260. Misali, RB26DETT yana fitowa da 240 a shiga da 236 a fita, kuma kamshaf ɗin Poncam na kamfanin Tomei mai 260 da ɗagawa milimita 9.15 an yi shi ne ya zauna a kan sifirin na asali. Irin wannan ɗan taki ɗaya nake nufi.

Matsakaicin turbo, giyar hannu, kwamfuta mai karɓar saiti: 264. A ganina nan ne iyakar hankali ga motar da za ta kwana a Sakkwato ta kuma yi cefane.

272 zuwa sama na babban turbo ne, da kan injin da aka yi wa aiki, da mai motar da ya yarda ba abin da zai ji kafin juyi 4,000. In zuciyarka ta rabu biyu tsakanin mataki biyu, ɗauki na ƙasa.

Ga injunan Japan akwai HKS da Tomei, da Kelford na New Zealand, da Brian Crower da GSC da Jim Wolf Technology na Amurka. Ga na Turai akwai Schrick na Jamus, Cat Cams na Beljiyam, Piper da Kent na Ingila. Ka rubuta musu kafin ka biya. Ka faɗi lambar inji, shekara, turbo, matsin da kake gudu a kai, irin giya, ka kuma faɗa musu fetur ɗinka wajen oktan 91 ne, zafin gari na wuce 40. Jimlar nan ta ƙarshe tana sauya shawarar da za su ba ka.

7. Lissafa 'yan rakiya

Da dala zan faɗa, domin canji ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tagwayen kamshaf daga sanannen kamfani sukan kama daga dala 600 zuwa 1,000, mai Z32 kuma huɗu zai biya. Sifirin da hulunansu dala 250 zuwa 500. Giyar kamshaf mai saiti dala 200 zuwa 400. Sai taimin bel da tenshina da famfon ruwa da sil na kamshaf da gasket ɗin murfi, sai shim ko sabbin tafet, sai baƙin mai da filta sau biyu. Kwamfuta mai saiti irin Haltech ko Link ko Power FC na Apexi tana iya fin kamshaf ɗin kansa tsada, kodayake masu tsofaffin Nissan suna da Nistune da ake dasawa cikin ta asali. Ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da na aiki. Abin da za ka kashe gaba ɗaya yakan ninka farashin kamshaf sau biyu ko uku. In kuɗin bai kai ba, ka jira ya kai, kada a yi rabin aiki.

Bel da sil da famfo ana iya samun wasu a Kofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, amma ka tafi da lambar kayan a rubuce.

Hattara: sifirin mai shekara 30 ya saki, ko da takarda ta ce na asali zai ɗauka. A auna shi, ko a sauya. Masu SR20DET su ƙara da maƙallan roka, domin injin nan yana watsar da roka in juyi ya yi yawa.

8. Sabo, na hannu, ko wanda aka sake gogewa

Wanda aka sake gogewa ya fi araha, amma an rage masa kaurin gindi ne don tozon ya fito, don haka zai bukaci shim masu kauri, a wasu injunan kuma tafet mai mai ba zai cike giɓin ba. Na hannu kuwa sai an sa masa maikuromita: a auna tsayin tozo, a cire kaurin gindi, a gwada kowane tozo da ɗan'uwansa. Wanda ya zo ba suna, ba takarda, a rabin farashi, ka bar shi, araha ba ta ado. Da kaya sun iso ka duba tambarin shiga da na fita, ka duba tsatsa da tsagewa, ka adana takardar lambobin.

9. Aune-aune kafin a ɗaure

Wannan matakin ne ake tsallakewa a gareji, kuma shi ne ke raba aikin kirki da asara. Ka samu bakaniken da ke da fila geji da agogon awo da sifanar auna ɗauri. Ka ce masa tun farko: "Maigida, ba sauri nake ba, a auna komai a rubuta mini, zan biya kuɗin lokacinka." Wanda ya ce hannunsa ya san ɗauri, ka gode masa ka nemi wani.

Abu huɗu za a duba. Idan bawul ya buɗe iyaka, sifirin ya rage sarari aƙalla milimita 1.5 kafin zobbansa su haɗe. Hular sifirin kada ta taɓa sil ɗin bawul, a bar mata kwatankwacin hakan. Tozo ya juya bai gogi jikin kan inji ba, domin a injuna irin 2JZ da RB26 ɗagawa mai yawa sai an sassaƙe gefen ramin. Na huɗu, tsakanin bawul da fistin: milimita 2 a shiga, 2.5 a fita. In an sauke kan inji, ana manna yumɓun wasan yara a kan fistin, a ɗaura, a juya da hannu sau biyu, a sauke a yanka a auna kaurinsa.

Hattara: 2JZ-GTE na farko an san shi da cewa ko bel ya tsinke fistin ba ya dukan bawul. Da ka sa kamshaf mai ɗagawa sosai, wannan rangwamen ya ƙare. Haka kuma a injin mai shim a saman ƙoƙo, tozo mai kaifi yana iya fisge shim ya watsar, ka tambayi kamfanin iyakar da suka yarda da ita.

10. Ɗaurewa da saita digiri

A yi aikin cikin rumfa mai rufi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka kan komai. Murafan kamshaf suna da lamba da kibiya, kowanne ya koma mazauninsa. A sassauta su kuma a ɗaure su kaɗan-kaɗan, bi da bi, yadda littafin injin ya tsara. In aka ɗaure gefe ɗaya gaba ɗaya, kamshaf na iya karyewa biyu tun bai yi aiki ba. A shafe kowane tozo da man haɗa inji. A saita tazarar shim da lambar takardar sabon kamshaf, injin yana sanyi.

Sannan a nemo ainihin ƙololuwar fistin na ɗaya, a ɗaura faifan digiri a karanshaf, a tabbatar tsakiyar tozo ta faɗa inda takarda ta ce. A misalinmu na baya, rabin 264 shi ne 132, a cire 20, tsakiyar tozon shiga tana digiri 112 bayan ƙololuwa. Alamar kamfani kaɗai ba ta isa ba in an taɓa goge kan inji, domin gogewar na karkatar da taimin. A juya injin da hannu zagaye biyu kafin a taɓa makulli. In ya cije, a tsaya.

Hattara: a RB da SR20DET da VG30DETT, na'urar da ke gaya wa kwamfuta lokacin wuta a jikin kamshaf ɗin fita take. Duk sanda aka motsa shi, sai an sake saita wuta da fitilar taimin.

11. Tashin farko

In tozo yana gogar ƙarfe kai tsaye, ba ta kan ƙaramar taya irin ta 4G63 ba, minti 20 zuwa 30 na farko su ne rayuwarsa. A zuba baƙin mai na gargajiya mai isasshen sinadarin zink da ake rubutawa ZDDP, 20W-50 ya dace da zafinmu, a kuma saye shi inda ba a shakkar jabu. A tabbatar mai ya hau sama kafin a tayar. Da ya tashi, a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 ana ɗan sauyawa, kada a bar shi a silo. A yi da sassafe bayan Asuba, a sa fanka a gaban lagireto, mutum ɗaya idonsa a kan gejin zafi. An gama, a zubar da man a sauya filta. Sabon kamshaf ba ya hawa kan tafet ɗin da ya ci.

12. Saitin kwamfuta da gwaji

Iskar da injin ke sha ta sauya, dole lissafin mai da wuta su bi ta. Kafin a saita, kada ka bari turbo ya cika. A ɗaura gejin cakuɗar iska da mai, a nemi wajen kashi 11.5 na iska ga kashi 1 na mai idan turbo na turi sosai. A yi saitin da fetur ɗin gidan man da ka saba sha, kuma da rana tsaka, domin abin da ya zauna lafiya da daren Janairu yana iya ƙyasƙyas da azahar ɗin Afrilu. Man 'yan bumburutu kuwa kada ya sake shiga tankin nan. A ɗan ɗaga silo, a gwada shi AC a kunne, fitilu a kunne, ana murza sitiyari, a kuma taka burki sau uku a jere a ji ko feda na tauri.

In da halin kai motar wurin mai injin gwajin ƙarfi, ko da tafiya ce, ya fi. In saitin daga nesa ne ta hanyar aika bayanan kwamfuta, a yi gwajin mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon allo, a giya ta uku, a wurin da ba mutane ba dabbobi. Titunan cikin gari cike suke da 'yan kabukabu da yara, ba wurin wannan ba ne.

Bayan kilomita 1,000 a buɗe murfi a duba fuskar kowane tozo, a sake auna tazarar shim, a duba ƙarfin bel, a sake sauya mai. Tsofaffin kamshaf ɗinka kuma a shafe su da giris, a naɗe, a rubuta wanne ne na shiga wanne ne na fita, a ajiye tare da shim ɗinsu bisa jeri, domin na injuna irin VG30ET da 7M-GTE samunsu na ƙara wuya.